Sir Percy Girouard (1867–1932): Injiniyan da Ya Tsayar da Awon Dogon da Ya Haifi Kaduna

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Sir Percy Girouard, injiniyan soja ɗan asalin Kanada wanda ya gaji Lugga a shugabancin Arewacin Nijeriya daga 1907 zuwa 1909. An mayar da hankali ga shawarar da ya yanke game da faɗi da nauyin dogon da aka shimfiɗa daga Baro zuwa Kano, da yadda wannan shawara ta tsara fasalin kawunan jirgi masu aiki da tururi waɗanda suka yi ta ratsa Kaduna tsawon rabin ƙarni. An kuma duba abin da aikin ya ci wa talakawa, da sawun da ya bari a garin Kaduna da harshen Hausa.

1.0 Gabatarwa

Idan ana zancen kafuwar Kaduna, sunan Gwamna Lugga ne ke fara zuwa baki, kuma da dalili, domin shi ya zaɓi wurin ya mayar da shi hedikwata. Sai dai Lugga bai zaɓi daji haka kawai ba. Ya zaɓi inda layin dogo ya riga ya ƙetare kogi. Mutumin da aka tsara wannan layi a hannunsa shi ne Girouard, wanda bai cika shekara uku a Arewa ba, kuma ya bar ƙasar tun kafin dogon ya iso bakin Kogin Kaduna. Bai taɓa ganin garin ba, amma awon da ya tsayar shi ya ƙayyade irin jirgin da zai shiga Kaduna, da nauyin kayan da zai ja, da saurin da zai yi, har zuwa farkon wannan ƙarni.

2.0 Haihuwa da Karatu

An haifi Édouard Percy Cranwill Girouard a birnin Montreal na ƙasar Kanada ranar 26 ga Janairu, 1867. Mahaifinsa, Désiré Girouard, lauya ne kuma ɗan majalisa daga cikin Kanadiyawa masu jin Faransanci, wanda daga baya ya zama alƙali a Kotun Ƙoli ta Kanada. Ɗan bai bi sawun uban ba. Ya shiga Kwalejin Soja ta Kingston, ya kammala a 1886, sannan ya yi shekara biyu yana aikin awo da shimfiɗa dogo a ƙarƙashin kamfanin Canadian Pacific. A can ya koyi salon aiki irin na Amurka ta Arewa: a shimfiɗa layi da sauri kuma da araha, jirgi ya fara tafiya, gyara ya biyo baya idan ciniki ya kankama. Wannan salo ya saɓa wa na injiniyoyin Ingila, waɗanda suka saba gina layi mai ƙwari da tsada tun daga ranar farko.

A 1888 ya shiga rundunar injiniyoyin sojan Birtaniya. Daga 1890 zuwa 1895 shi ke kula da zirga-zirgar jiragen da ke cikin ma'aikatar makamai ta Woolwich a Landan, inda akwai siririn dogo mai faɗin inci 18 kacal. Wannan ya ba shi damar sanin amfanin siririn layi da kuma iyakarsa, ilimin da ya yi masa rana bayan shekaru a Zungeru.

3.0 Hamadar Sudan da Afirka ta Kudu

Sunansa ya fito ne a Sudan. Lokacin da Kitchener ya ɗaura yaƙi da daular Mahadi, wadda Halifa Abdullahi ke jagoranta, babbar matsalarsa ita ce kai sojoji da abinci kudu, domin Kogin Nilu yana da duwatsu da lanƙwasa mai nisa. Sai aka yanke shawarar ratsa hamadar Nubiya da dogo daga Wadi Halfa zuwa Abu Hamed, tafiyar kimanin mil 230 ba rijiya ba inuwa. Girouard, yana laftana ɗan shekara talatin, shi aka ɗora wa aikin. An fara ranar 1 ga Janairu, 1897, dogo ya isa Abu Hamed a ƙarshen Oktoba na shekarar, ya kai Atbara a tsakiyar 1898. Ranar 2 ga Satumba, 1898 aka ci Omdurman. Faɗin wannan layi ƙafa uku da inci shida ne, awon da ake amfani da shi a Afirka ta Kudu. Winston Churchill, wanda ya halarci yaƙin, ya keɓe babi guda ga wannan layi a littafinsa The River War na 1899, kuma bai manta da injiniyan ba.

Bayan ɗan zama a matsayin shugaban hukumar jiragen ƙasa ta Masar, an kira shi Afirka ta Kudu a 1899 don ya riƙe dukkan layukan soja a yaƙin Birtaniya da Buwa. An ba shi lambar girma ta Sir a 1900, yana da shekara 33. Da yaƙi ya ƙare ya ci gaba da riƙon jiragen Transvaal da Orange River, amma bai jitu da masu ma'adinai da 'yan siyasar wurin ba, ya bar muƙamin a 1904. Tun daga nan halinsa ya bayyana: gwani ne wajen gaggauta aiki, amma ba shi da haƙurin zama da masu ja da shi.

4.0 Zungeru da Layin Baro zuwa Kano

Lugga ya bar Arewa a 1906, shekarar da aka yi tarzomar Satiru kusa da Sakkwato, wadda ta nuna wa Turawa cewa ƙarfinsu bai taka kara ya karya ba idan ba su da hanyar kai ɗauki da sauri. A ɓangare guda kuma masu masaƙu na Lancashire, ta bakin ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Birtaniya, suna matsa wa gwamnati lamba a buɗe musu hanyar ƙasar Hausa. Churchill a lokacin shi ne ƙaramin minista a ma'aikatar ƙasashen mallaka. Aka naɗa Girouard Babban Kwamishina a 1907, aka sauya sunan muƙamin zuwa Gwamna a 1908. Kowa ya san abin da aka turo shi yi.

Akwai ra'ayoyi biyu a gabansa. Lugga ya daɗe yana neman siririn layi mai faɗin ƙafa biyu da rabi daga bakin Kwara zuwa Kano, saboda araha. Gwamnatin Ikko kuma tana son a bari layinta ya ƙetaro Kwara a Jebba ya wuce Arewa. Girouard ya ɗauki tashar da Lugga yake so, wato Baro, amma ya ƙi awonsa. Ya tsaya kan ƙafa uku da inci shida, daidai da layin Ikko, domin ya hango cewa ko ba daɗe ko ba jima layukan biyu za su haɗu, kuma idan awonsu ya bambanta sai an riƙa sauke kaya ana sake lodi a mahaɗa. Don ya rage tsada sai ya rage a wani wurin: dogo marar nauyi, laba 45 a kowane yadi, gadoji masu sauƙi, tashoshi na wucin gadi, da barin layi ya bi kwana da hawa maimakon a fasa tudu. An ƙiyasta kuɗin aikin a kan kimanin fam 3,000 kowane mil. Bai ba ɗan kwangila ba, sai ya damƙa shi ga ma'aikatar ayyuka ta Arewa a ƙarƙashin John Eaglesome.

An amince da aikin a 1907. Kayan duk daga Ingila suke zuwa, a hau da su Kwara cikin jiragen ruwa a 'yan watannin da kogi ke cika, a jibge a Baro. Layin ya bi ta ƙasar Nufe zuwa Minna, ya ratsa ƙasar Gwari, ya ƙetare Kogin Kaduna, ya bi Zariya, ya isa Kano a watan Maris na 1911, tsawon kimanin mil 356. An buɗe shi ga jama'a a 1912, shekarar da aka haɗe shi da layin Ikko, wanda ya same shi a Minna, suka zama hukuma ɗaya.

4.1 Aikin Diga

Arahar da aka yi alfahari da ita a Landan, a wuyan talaka ta sauka. Ba a yi aikin da injina ba, da diga da shebur da kwando aka yi shi. Razdan ya faɗa wa sarki adadin mutanen da ake bukata, sarki ya raba wa hakimai, hakimai su raba wa dagatai, a tattaro ƙarti a kai su bakin aiki na 'yan makonni, sannan a musanya su da wasu. Ana biyan su da kuɗin Turawa, kuɗin da akasarinsa ke komawa hannun hukuma a matsayin haraji. Ta haka aikin ya yi wa gwamnati amfani biyu, ya shimfiɗa dogo kuma ya kori wuri daga kasuwa. Turawa sun kira tsarin da sunan da ke ɓoye tilascin da ke cikinsa, amma masu tarihi irin su Michael Mason sun nuna aikin tilas ne. Nufawa da Gwarawa, waɗanda layin ya fara ratsa ƙasarsu, su suka fi ɗanɗanawa, ga kuma abincin da ake karɓa don ciyar da leburori. A 1909 mutanen Gussoro a ƙasar Gwari suka yi tirjiya har aka kashe wani jami'in mulki Bature, aka tura sojoji suka murƙushe garin.

Abin bai wuce adabi a ɓoye ba. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, wanda ta hannunsa aka tara mutanen da suka yi aikin a ƙasar Zazzau, ya yi Waƙar Diga a kan wannan al'amari. Kalmar diga kanta, wadda asalinta sunan kayan haƙa ne, ta faɗaɗa ta zama sunan aikin layin baki ɗaya.

5.0 Awon Dogo da Fasalin Kan Jirgi

Kowane dogo yana da iyakar nauyin da zai ɗauka a ƙarƙashin tagwayen ƙafafu guda. Idan dogon marar nauyi ne, ga gadoji masu sauƙi, ba dama a ɗora masa ƙaton kan jirgi mai 'yan ƙafafu. Amma kuma ƙarfin jan kan jirgi yana tattare da nauyin da ke danne ƙafafunsa masu tuƙi a kan dogo. Mafita ɗaya ce: a yawaita ƙafafu, a raba musu nauyin. Tarihin kawunan jirgin da suka bi ta Kaduna tarihin wannan mafita ne.

Injiniyoyi suna bayyana tsarin ƙafafu da lambobi uku: ƙananan ƙafafun gaba, manyan ƙafafu masu tuƙi, da ƙananan ƙafafun baya. Kawunan da aka yi wa layin Baro oda, waɗanda aka sani da rukunin Emir, wato Sarki, tsarinsu 4-8-0 ne. Huɗun gaba suna shigar da jirgi kwana a hankali, takwas masu tuƙi suna raba nauyi gida huɗu. An kawo su a wargaje ta ruwa, aka harhaɗa su a Baro. Ba don gudu aka ƙera su ba, sai don su ja kaya a kan layi mai rauni ba tare da sun lanƙwasa shi ba. Sunan da aka ba su ma yana da ma'ana, domin ya dace da siyasar mulki ta hannun sarakuna.

Da kaya suka yi yawa, sai Emir ya kasa. Sauya dogon gaba ɗaya yana da tsada, saboda haka aka nemi kan jirgin da zai ninka ƙarfi ba tare da ya ƙara nauyi a kan kowace ƙafa ba. Amsar ta fito daga wani injiniya ɗan Ingila, Herbert William Garratt, wanda shi ma ya taɓa aiki a layin Ikko a farkon ƙarnin, ya kuma yi rajistar ƙirarsa a 1907, shekarar da Girouard ya iso Zungeru. A ƙirar Garratt inji biyu ne, ɗaya a gaba ɗauke da tankin ruwa, ɗaya a baya ɗauke da kwal, sai tukunyar tururi da ɗakin direba suna rataye a tsakaninsu a kan wani ƙarfe mai juyawa a kowane gefe. Wannan ya sa dogon kan jirgi yake lanƙwasa a kwana kamar tarago, kuma tun da babu ƙafafu a ƙarƙashin tukunyar, ana iya yi mata faɗi a yi mata babban murhu. Aibinsa shi ne, yayin da ruwa da kwal ke raguwa a tafiya, nauyin da ke danne ƙafafun yana raguwa, sai santsi ya ƙaru. Kamfanin Beyer, Peacock na Manchester ya ƙera wa Nijeriya guda 22 masu tsarin 4-6-2+2-6-4 daga tsakiyar shekarun 1930 zuwa 1943, wato ƙafafu 24 a ƙarƙashin kan jirgi ɗaya, domin su yi aiki a kan dogon laba 45.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, gyaɗa ta taru a Kano har ta zama dala saboda ƙarancin jirgin da zai kwashe ta. Daga 1948 aka shigo da rukunin River, waɗanda aka raɗa wa sunayen kogunan Nijeriya, masu tsarin 2-8-2, na farkonsu daga masana'antar Vulcan Foundry. Ƙananan ƙafafu biyun baya su ne sirrinsu, domin su ke tallafe da faffaɗan murhun da ake bukata don ƙona kwal ɗin Inugu, wanda ƙarfin wutarsa bai kai na Ingila ba. Ƙirar ta yi kyau har aka kwaikwaye ta wajen ƙera rukuni na 29 na jiragen Afirka ta Gabas. Daga tsakiyar shekarun 1950 injin dizal ya fara maye gurbin tururi, amma shi ma a kan awon Girouard ya hau.

6.0 Garin da Ya Tsiro a Bakin Gada

Da Lugga ya dawo a 1912 don haɗe Kudu da Arewa, ya ga Zungeru ba ta dace ba saboda zafi da sauro. Ya nemi wuri mai ruwa, mai sarari, wanda ke kan dogo, kuma ba ya cikin birnin wani babban sarki. Maƙetarar Kogin Kaduna, a ƙasar da Gwarawa ke zaune cikin ƙauyukansu, ta cika waɗannan sharuɗɗa. Sojoji suka fara sauka a 1913, hedikwata ta taso daga Zungeru a 1917. An kafa bariki da ofisoshi da unguwar Turawa a arewacin kogin, tare da tashar Kaduna ta Arewa, 'yan ƙasa kuma aka ware musu Sabon Gari da Tudun Wada. A kudancin kogin ne mahaɗar jirage ta kasance, inda layin gabas da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Kafanchan ya iso a shekarun 1920. Tun da awon ɗaya ne, tarago zai tashi daga Kano ya isa Ikko ko Fatakwal ba a taɓa kayan cikinsa ba. Da ra'ayin Lugga aka bi a 1907, da hakan bai yiwu ba sai an tumɓuke layin an sake. Misalin yana kusa: siririn layin kuza da aka yi daga Zariya zuwa Jos a kan ƙafa biyu da rabi ya zauna saniyar ware har aka rufe shi a 1957.

Abin da layin ya ɗauko ma ba shi aka zata ba. An gina shi don auduga, manoman Kano suka ga gyaɗa ta fi riba, fatake irin su Alhassan Ɗantata suka shiga saye. Ga mai nazarin harshe kuwa, Kaduna ta zama wurin da soja da lebura da ma'aikacin reluwe da ɗan kasuwa daga kabilu daban-daban suka haɗu, Hausa ta zama abin da ke haɗa su. Kalmomi irin su reluwe, tasha, tikiti, lebura, direba da kwal sun zauna daram, yayin da jirgi, wanda da can na ruwa ne kaɗai, ya sami ɗan'uwa na ƙasa, aka kuma yi wa injin da ke jan taragai suna da kan jirgi.

7.0 Sauran Ayyukansa da Ƙarshen Rayuwa

Ban da dogo, Girouard ya bar abubuwa biyu. Na farko dokar ƙasa. Shi ya tayar da batun da ya kai ga kafa kwamitin filayen Arewacin Nijeriya a Landan a 1908, wanda ya haifi dokar 1910 da ta sanya dukkan ƙasa a ƙarƙashin ikon Gwamna, a riƙe ta don amfanin 'yan ƙasa. Dokar ta hana baƙi mallake gonaki, amma kuma ta ba gwamnati ikon ɗaukar fili duk inda ta so. Ruhinta ya ratsa dokar Arewa ta 1962 har zuwa dokar amfani da ƙasa ta 1978. Na biyu, shi ya zaɓi Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya tsara ilimin boko, abin da ya kai ga buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909.

A 1909 aka mayar da shi Gwamnan Afirka ta Gabas, ƙasar da ake kira Kenya a yau. Mutumin da ya hana baƙi ƙasa a Arewa, a can ya goyi bayan Turawa 'yan kaka-gida. A 1911 aka tayar da Masai daga makiyayarsu ta Laikipia, saɓanin yarjejeniyar 1904. Da ministan ƙasashen mallaka Lewis Harcourt ya gano cewa an riga an yi wa Turawa alkawarin filin ba a sanar da shi ba, sai zama ya gagara, Girouard ya yi murabus a 1912. Ya koma kamfanin ƙera makamai na Armstrong Whitworth, ya ɗan riƙe ofishin samar da harsasai a 1915 lokacin Yaƙin Duniya na Farko. Bai sake riƙe mulki ba. Ya mutu a Landan ranar 26 ga Satumba, 1932. Akwai dutse mai sunansa a lardin Alberta na ƙasar haihuwarsa.

8.0 Kammalawa

Girouard ya yi daidai a kan faɗin dogo, domin shi ya ba da damar layukan Nijeriya su zama tsintsiya ɗaya, Kaduna kuma ta zama mahaɗarsu. Arahar da ya yi a kan nauyin dogo kuwa bashi ce da ya bar wa na baya: injiniyoyi suka yi ta biyan ta da yawan ƙafafu daga Emir zuwa Garratt, talakawan Nufe da Gwari da Zazzau da Kano kuma sun riga sun biya nasu kason da ƙarfinsu tun ranar farko. Awon ƙafa uku da inci shida, wato milimita 1,067, shi kaɗai Kaduna ta sani fiye da shekara ɗari, sai a watan Yuli na 2016 da aka buɗe layin Abuja mai faɗin milimita 1,435, wanda ke tsayawa a Rigasa. Akwai sauran aiki ga manazarta Hausa wajen tattara waƙoƙi da labaran baka na zamanin diga, da kalmomin da tsofaffin ma'aikatan reluwe na Kaduna suke kiran sassan kan jirgi da su, tun masu riƙe da su suna raye.